CIWON IDO BA HAƘURI KAƊAI YAKE SO BA

 

Hausawa na cewa ciwon ido sai haƙuri. Wannan magana mun taso da ita tun muna yara, har ta zama kamar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa. To yau na zo ne in yi jayayya da ita, don kuwa a ganina mafi yawan haƙurin da muke yi da ciwon ido, musamman mu matasa, sakaci ne aka sa wa rigar haƙuri. Kuma wannan sakaci ya raba bayin Allah da yawa da ganinsu a garuruwanmu, tun daga Tambuwal, Dogon Daji, Jabo da Sanyinna, har zuwa Kebbe da Kuchi.

Bari in fara da kaina, don kada a ce ina faɗin abin da ban sani ba. Hunturu uku a jere na yi ina farkawa kafin asuba idanuna kamar an zuba masu rairayi. Fatar idon ta manne, sai na yi da ƙyar kafin ta buɗu, ga raɗaɗi, ga ja kamar garwashi. A lokacin ina yawan bin hanyar Tambuwal zuwa Kebbe a kan babur, ba tabarau ba komai, da dare kuma in kwanta da waya a hannu har sai barci ya sace ni. Da abin ya ishe ni na je wani kemis, mai shagon ya ɗauko wata 'yar kwalba ya ce, "Malam, ɗiga wannan, kwana biyu ka manta da zancen." Gaskiyarsa, kwana biyu jan ya tafi. Wata huɗu na yi ina ɗigawa, in na daina ciwon ya dawo, in koma in sayo wata. Sai da wani ɗan uwa ya matsa mini na je Sakkwato wajen likitan ido. Da ya auna ya ga kwalbar, ya girgiza kai ya ce ƙarfin ruwan da ke cikin idona ya hau, kuma maganin ne ya hau da shi, da na ƙara wasu watanni da jijiyar gani ta fara mutuwa, wadda in ta mutu ba ta dawowa. Asalin ciwona kuwa bushewar ido ce kawai.

To mece ce bushewar ido? Allah cikin hikimarsa ya lulluɓe ƙwayar ido da wani siririn ruwa mai hawa uku. Akwai majina-majina a ƙasa wadda ke sa ruwan ya kama jikin ido, akwai ruwan hawaye a tsakiya, sannan akwai maiƙo a sama wanda ke hana ruwan ƙafewa, kamar yadda marfi ke hana ruwan randa ƙafewa. Wannan maiƙo yana fitowa ne daga wasu 'yan ƙananan ƙofofi da ke jere a bakin fatar ido, bayan gashin ido. Duk ƙiftawa ɗaya da ka yi, ka matso maiƙon ne ka shafe idon da sabon ruwa. Mafi yawan masu bushewar ido ba hawaye suka rasa ba, ƙofofin maiƙon ne suka toshe, sai ruwan ya riƙa ƙafewa da wuri. Shi ya sa za ka ga mai bushewar ido yana zubar da hawaye a cikin iska, ya ce ai ni idona ruwa ma ya yi masa yawa. Wannan hawayen kuka ne idon ke yi saboda zafi, ba ya zama, ba ya jiƙa komai.

Me ya sa abin ya fi tsanani da dare? Na farko, idan mutum ya yi barci hawaye na raguwa ƙwarai, ƙiftawa kuma ta tsaya. Na biyu, akwai mutanen da idanunsu ba sa rufuwa ruf a cikin barci, sai a bar wata 'yar kafa da iska ke shiga har safe, su kuwa ba su sani ba sai abokin kwana ya faɗa masu. Na uku, yanayin ƙasarmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, kuma danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Da hunturu ya wuce sai bazara, zafi ya haura digiri 40, mai fanka ya saita ta a fuska, marar fanka ya kwanta a tsakar gida iska na kaɗa shi. Ga hayaƙin itace, ga hayaƙin maganin sauro na kunnawa a cikin rufaffen ɗaki.

Na huɗu kuwa, wanda ya fi shafar ni da kai ya ɗan uwa, ita ce waya. Mutum kan ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, amma in ya ƙura wa waya ido ƙiftawar kan koma rabi ko ƙasa da haka. Ka yi tunanin matashin da ya kwashe awa uku bayan isha'i yana yawo tsakanin Facebook da TikTok a cikin duhu. Ya busar da idon da hannunsa, sannan ya miƙa shi ga dare a bushe. Da asuba ya tashi yana murza ido yana cewa sammu ne ko kambun baka. Wallahi ɗan uwa babu wanda ya yi maka sammu, wayar da ke ƙarƙashin filonka ce. Akwai kuma wasu dalilan, kamar ciwon suga, yawan shekaru, da wasu magungunan mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, waɗanda ke busar da ido kamar yadda suke busar da hanci.

Ga abin da na koya, wanda kuma na ga amfaninsa. Kafin ka kwanta, ka wanke hannu da fuska da sabulu. Ka sami tsumma mai tsabta ka tsoma a ruwan ɗumi, wanda bayan hannunka zai iya jurewa, ka rufe ido ka ɗora na minti 5 zuwa 10, in ya huce ka sake tsomawa. Ɗumin na narkar da maiƙon da ya daskare. Sannan ka ɗan shafa fatar idon a hankali zuwa wajen gashin, ka goge bakinta. Ka kawar da fanka daga saitin fuskarka. Ka ajiye waya aƙalla rabin awa kafin barci, da rana kuma duk bayan minti 20 na karatu ko duba waya ka ɗaga kai ka dubi abu mai nisa na daƙiƙa 20, kana ƙiftawa da gangan. In za ka hau babur, kai ɗan kabu-kabu ne ko fasinja, ka sa tabarau mai rufe gefe. Ka sha ruwa isasshe. Da safe in ido ya manne kada ka buɗe shi da ƙarfi ko ka murza, don kana iya ɗaye fatar baƙin ido. Ka jiƙa shi tukuna.

Game da magani, abin da likitoci ke bayarwa shi ne ruwan ɗigawa mai kwaikwayon hawaye da rana, da kuma mai kauri kamar man shafawa lokacin kwanciya, wanda ke dushe gani na ɗan lokaci amma ya riƙe danshi har safe. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kada bakin kwalbar ya taɓa ido ko yatsa, kada ku yi tarayya da kowa a kwalba ɗaya, kuma in ta yi mako 4 da buɗewa ka yar. Kada ka ɗauki wannan wasa. A shekarar 2023 a Amurka, ƙasar da ake ganin ta fi kowa sa ido a kan magani, wani gurɓataccen ruwan ɗigawa mai suna EzriCare ya sa wa mutum 81 cuta, 4 suka mutu, wasu 4 aka cire masu ƙwayar ido. To ina ga kwalbar da ta wuni a rana a kan faifan mai talla ranar kasuwa?

Abin da nake roƙonka da babbar murya shi ne, duk kwalbar da ka ga an rubuta Dexamethasone, Betamethasone ko Prednisolone a jikinta, kada ka ɗiga sai likitan ido ne ya rubuta maka kuma yana bibiyarka. Irin wannan ne ya kusa kai ni. Yana kwantar da ja nan take, amma in aka daɗe a kansa yana jawo hawan jinin ido da yanar ido, in kuwa akwai miki a baƙin ido sai ya ƙara rura shi. Haka nan ruwan batir, ruwan sukari, ruwan albasa, fitsari, nonon mace ko ruwan ganyen da ba a san kansa ba, duk babu mai shiga ido. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuma ka ga ciwo mai tsanani, ko gani ya ragu, ko haske na soke ka, ko farin ɗigo ya fito a baƙin ido, ko mugunya, to ranar nan ka nufi babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe, in ta kama a tura ka sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Batun kwalli ma yana buƙatar hankali. Ba duk abin da ake sayarwa da sunan kwalli ne kwallin ƙwarai ba, da yawansa dutsen dalma ne aka niƙa. A 2011 an gwada wani kwalli daga Nijeriya da ake sa wa wani jariri a birnin Boston, aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Mu kuwa mun san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a maƙwabtanmu Zamfara a 2010, ko da yake can ta hanyar dutsen zinari ta zo. Kuma tsinken kwalli ɗaya da ke zagaya idanun gida duka, hanya ce ta raba cuta.

Amma 'yan uwa, kuskure ne mu tsaya a kan idanunmu kaɗai. Akwai bushewar ido iri biyu da suka fi tamu muni, kuma raunananmu suke kamawa. Ta farko ita ce ta rashin sinadarin bitamin A ga yara. Tana farawa da dundumi, yaro ya riƙa tuntuɓe da magariba, sannan farin ido ya bushe, in ƙyanda ko gudawa ta zo a kai sai baƙin idon ya narke cikin 'yan kwanaki. Maganinta na gabanmu: zogale, alayyahu, kabewa, karas, mangwaro, manja, ƙwai da hanta, da rigakafin ƙyanda, da ɗigon bitamin A da ake ba yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 kyauta.

Ta biyu ita ce amosanin ido, cutar da ƙuda, hannu da tsumma marar tsabta ke yaɗawa tsakanin yara. In ta yi ta maimaituwa sai cikin fatar ido ya yi tabo, idon ya bushe, gashin ido ya juya ciki yana kartar ƙwayar dare da rana. Wace ce a cikinmu, ko in ce wane ne, bai san wata Inna ko Gwaggo mai yawo da matsefata a ƙulle a bakin zane tana tsige gashin ido ba? Mata sun fi maza makancewa da ita, saboda su ke ɗawainiya da yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara hanya huɗu ta yaƙar ta: ɗan ƙaramin aikin gyara fatar ido, maganin ƙwayoyin cuta, wanke fuska, da tsabtar muhalli. Ƙungiyar Sightsavers ta shafe shekaru tana wannan aiki tare da ma'aikatar lafiya a jihohin Sakkwato, Kebbi da Zamfara. Gana ta rabu da wannan annoba a 2018, Gambiya a 2021, Togo a 2022, Mali da Benin a 2023. Waɗannan ba su fi mu arziki ba. Abin da suka fi mu shi ne bin abu har ƙarshe.

A nan ne alhaki ya hau kan mahukunta. Ba a wanke fuskar yaro da alƙawarin siyasa, da ruwa ake wankewa. Ƙudan da ke ɗaukar cutar a bayan gidan da aka yi a fili yake hayayyafa, don haka rijiyar burtsatse mai aiki da masai a makarantu da kasuwanni maganin makanta ne. Muna kira a tabbatar da ma'aikacin ido da kayan aunawa a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, don kada talakan Kuchi ya sayar da akuya kafin a duba masa ido, a kuma sa ido a kan masu sayar da magungunan da doka ta ce sai da takardar likita.

Mu ma matasa akwai nauyin da ya rataya a wuyanmu, wanda ba sai mun jira kowa ba. Yau in ka koma gida ka dubi fuskokin ƙannenka, wanda ka ga kwantsa da ƙuda a idonsa ka wanke masa da sabulu. Ka tambayi Inna ko gashin ido na sukarta, in ta ce e, ka goya ta a babur ɗinka ka kai ta asibiti maimakon ka sayo mata sabuwar matsefata. Ka ɗauko kwalbar da ke kan tagar ɗakinka ka karanta abin da aka rubuta a jikinta. Ido amana ne, da shi kake karatu, da shi kake neman halalinka, kuma ba a sayar da wani a kasuwa. Haƙuri na da muhallinsa, bayan an nemi magani a inda ya dace.

Allah ya kare mana ganinmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.