Karatun malanta: a duba albashi kafin a biya kuɗin makaranta

Da zarar sakamakon jarabawar BAC ya fito, sai kasuwar makarantu ta buɗe. Gidajen rediyon Maraɗi, Damagaram da Yamai su cika da talla, a manna takardu a bakin tasha da jikin turakun wuta, kowace makaranta na cewa ita ce mai sauƙin kuɗi, wasu har da rangwame ga wanda ya riga yin rajista. A daidai lokacin ne yayan da ke aikin gini a Tamanrasset ko yake kasuwanci a Abijan ke samun saƙon murya ta WhatsApp: ƙane ya samu BAC, yana son zama malamin makaranta, a taimaka da kuɗin shiga. Sau da yawa kuɗin kan iso ta Nita ko Al Izza tun kafin wani ya tsaya ya tambayi inda takardar da za a samu a ƙarshe za ta kai yaron.

Lissafin ya kamata ya fara ne daga albashi. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙasar Nijar ta rungumi tsarin ɗaukar malamai ba tare da lambar aiki ba, da farko da sunan ƴan sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, har suka zama su ne mafi yawa a cikin azuzuwa. A shekarar 2017, lokacin da rikicinsu da gwamnati ya yi tsanani, abin da ɗan kwantaragi ke karɓa a wata yana tsakanin jika 75 zuwa jika 100, kuma kowa ya san yawan yajin aikin da aka sha yi saboda jinkirin biyan wannan ɗan abin. Mafi yawan matasan da za su shiga aikin ta nan za su fara, su yi shekaru suna jiran lamba.

To, a ce wata makaranta na neman jika 400 a shekara, karatun kuma na shekara 3 ne. Miliyan 1 da jika 200 ke nan, ban da haya, abinci da kuɗin kabu-kabu. Mai ɗaukar jika 75 sai ya ba da albashinsa na wata 16 cur, bai ci ba bai sha ba, kafin ya mayar da wannan kuɗi. Ko da jika 100 yake ɗauka, shekara guda ce cif. Likita ko injiniya na iya cin bashin karatu ya biya daga baya. Malamin da aka tura wani ƙauye a Dakoro ko Tanut, inda zai nemi ɗaki, ya sayi ruwa, ya kuma aika wani abu gida, ba shi da wannan damar. Shi ya sa gidan da ke shirin sayar da gona ko shanun huɗa domin karatun malanta ya kamata ya dakata.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda aka fi rainawa: makarantun horar da malaman firamare na gwamnati, wato ENI. Akwai Askia Mohamed a Damagaram, Bawa Jangwarzo a Maraɗi, Kaocen a Tawa, Mali Bero a Doso, kuma an buɗe wasu a garuruwa irin su Tasawa, Magariya da Dogon Dutsi. An daɗe ana ɗaukar masu BEPC, kafin hukumomi su ɗaga sharaɗin zuwa BAC a shekarun baya-bayan nan. Sai an ci gasar shiga, kuma wannan gasar ce ke korar mutane zuwa makarantun kuɗi. Amma takardar CFEEN da ake fita da ita, ita ce ma'aikatar ilimi ta sani, don ita ta tsara ta. Ga kuma abin da ba a cika sawa a lissafi ba: ɗan Tasawa da ya yi karatu a Tasawa a gidansu zai kwana, tuwon gidansu zai ci. Ga ƴa mace ma wannan ne sau da yawa ke raba gardama tsakanin a bar ta ta yi karatun ko a hana ta.

Wanda ke son koyarwa a CEG ko lise, hanyarsa ta jami'a ce: babbar makarantar horar da malamai ta ENS da ke jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko tsangayar ilimin koyarwa ta jami'ar Djibo Hamani da ke Tawa. Mai sha'awar makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda asalinsu ya faro daga madarasar Say ta 1957, yana da jami'ar Musulunci ta Say. Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati ba shi ne ke karya ɗalibi ba. Zaman Yamai ne ke da tsada. Ɗakunan CROU ba sa isa, ba kowa ke samun tallafin ANAB ba, wanda ya samu ma ba lalle ya zo a kan lokaci ba. Sai kuma shekarun karatu da ke hawa kan juna, har lasisin shekara 3 ya ci shekara 4 ko 5. Wanda ba shi da kawu ko gwaggo a babban birni, gara ya fara duba jami'ar jiharsa, tunda Maraɗi, Damagaram da Tawa duk suna da nasu tun 2010.

Ba a ce makarantu masu zaman kansu duka na banza ba ne. Akwai masu tsari, masu gama shekara a kan lokaci, kuma ga wanda ke da hali wannan kaɗai abin biya ne. Sai dai kafin a tura ko dala ɗaya, a nemi ganin takardar izinin gwamnati, kuma izinin ya kasance na wannan fannin da yaron zai karanta, don makaranta kan samu izinin koyar da lissafin kuɗi sannan ta buɗe sashen malanta a gefe. A tambaya ko hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, ta amince da takardar. Tambayar da ta fi duka sauƙi kuma ita ce: ɗaliban da suka gama shekara biyu da suka wuce, ina suke koyarwa yanzu? Makarantar da ke da amsa za ta faɗi sunayen garuruwa. Wadda ba ta da ita za ta koma maganar kwamfutoci da iyakwandishan.

Ƴan Maraɗi, Ƙonni da Magariya na da wata ƙofar da ke jan hankali, wato kwalejojin ilimi na Katsina, Sakkwato da Kano masu ba da takardar NCE a shekara 3. Faɗuwar naira ta sa karatun ya yi araha ga mai riƙe da sefa. Ga wanda ke son zama malamin Ingilishi, zaɓi ne mai ma'ana. Ga wanda zai dawo ya koyar da lissafi da Faransanci, araha ba ta ado: zai dawo da takardar da sai an daidaita darajarta a Yamai, da harshen da ba shi ake karatu da shi a ajinsa ba. Rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wadda sai a watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe, ya nuna yadda ɗalibi kan maƙale da abin da ba ruwansa.

Akwai kuma arahar da ke zama asara tun daga aji. A watan Yulin 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, an yi wa malaman kwantaragi na firamare jarabawar gwaji da tambayoyi irin na ɗalibansu. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu maki 10 cikin 20, kuma dubbai suka rasa aikinsu. Ƙungiyoyin malamai sun yi tir da yadda aka yi abin, suna da hujjojinsu. Duk da haka waɗanda suka faɗi suna riƙe da takardu, takardun kuma ba su cece su ba. Horon da ba ya sa ɗalibi tsayawa gaban yara 80 a ajin zana, riƙe da alli, wani gogaggen malami na zaune a baya yana duba shi, ba horon malanta ba ne ko nawa aka biya.

Fannin da aka zaɓa shi ma kuɗi ne. Malaman lissafi da kimiyya sun yi ƙaranci a makarantun sakandare, kuma su ne iyaye ke nema da yamma domin darasin gida, abin da ke cike giɓin albashi a birane. Kundin da aka fitar a watan Maris na 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973, amma har yau matasa da yawa da suka tashi da Hausa a baki ba su iya rubuta ta bisa ƙa'ida ba. Koyon hakan ba ya buƙatar jika 400.

Saura wanda ya faɗi gasar ENI, shi ne tallar rediyo ta fi kamawa, don zaman gida shekara guda abin kunya ne a idon unguwa. Yayan da ke waje zai fi taimakonsa idan ya riƙe manyan kuɗin, ya aika kaɗan na littattafai da darasin Faransanci da lissafi, ya bar shi ya sake gwadawa baɗi. In ya ci, ragowar ta sayi babur ɗin da zai kai shi ƙauyen da za a tura shi, ta kuma riƙe shi a watannin farko kafin albashi ya fara fita.