Wa Ya Ce Ku Toshe Mana Tagogi?

Haba jama'a! A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, mutum ya gina ɗaki da bulo, ya rufa kwano ba silin, ya huda 'yar taga guda ɗaya a can sama, sannan ya miƙo hannu a ba shi kuɗin hayar shekara. Bayan ɗakin katangar maƙwabci ce, ko tafin hannu ba a bari tsakani ba. Ka tambayi dalili, sai a ce fili ya yi tsada. To lafiyar mai haya ita ce ba ta da daraja?

Masu kuɗin namu ma ba su tsira ba. Sun ga gidajen Turai, sai suka jibga gilashi da tagar alminiyom wadda rabinta kawai ke buɗuwa, suka saki labule mai kauri, suka dogara da na'urar sanyaya ɗaki. Wannan na'ura da ake maƙalawa a bango ba ta shigo da sabuwar iska, ta cikin ɗakin take ta juyawa. A ɗauke wuta, cikin minti kaɗan kowa ya jiƙe sharkaf.

Su waɗanda muke kwaikwayo ai ba haka suka yi ba. A Darmstadt ta ƙasar Jamus, inda aka gina gidan farko na tsarin Passivhaus a 1991, an toshe kowace kafa, amma an sa na'ura mai fanka biyu. Ɗaya na zuƙe iskar kicin da banɗaki ta fitar, ɗaya na shigo da sabuwa ta cikin matata. Iskokin na giftawa cikin akwati ɗaya ba tare da sun gauraya ba, mai fita ta bar wa mai shigowa ɗuminta. A ƙasa mai zafi kuma sanyinta take bari, wani nau'in har danshi yake ragewa. Mu toshewar muka kwafo, muka bar na'urar.

Sakamakon ga shi nan. Ja sif ɗinka daga bango a watan Agusta, ka ga fumfuna baƙi ƙirin, ga wari, ga yara na tari. Sanƙarau kuwa, wanda ya kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya a 1996, cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa na cikin abin da ke yaɗa shi. Ba a ma maganar iyalan da hayaƙin janareta ke kashewa cikin barci.

Ban ce talaka ya sayi injin Jamus ba, da wace wutar? Taga biyu masu kallon juna, kafar iska a ƙarƙashin rufi, silin, da ɗan tsakar gida, ba su kai kuɗin fentin ƙofar gida ba wajen wasu. Hukumomin tsara birane, ku daina sa hannu a zanen ɗakin da ba shi da mafitar iska. Kai kuma mai neman haya, ka je ganin ɗaki da ƙarfe biyun rana kafin ka biya ko sisi.