Da Wane Mudu Za A Auna Hukumar Raya Arewa Maso Yamma?

A watan Yuli na shekarar 2024 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Hukumar Raya Arewa maso Yamma, mai hedkwata a Kano, domin ta kula da jihohi bakwai: Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. A watan Oktoba na wannan shekarar kuma aka kafa Ma'aikatar Raya Yankuna, wadda dukan irin waɗannan hukumomi suke ƙarƙashinta. Sa'ad da labarin ya iso mu a nan Kinkinau, matasa sun yi murna, dattawa kuwa suka yi shiru, gama sun sha jin irinsa. Ba mu ƙi hukumar ba. Amma akwai tambayar da ya kamata a amsa tun kuɗi bai yi nisa ba: bayan shekara biyar ko goma, da me za mu gane ta yi aiki ko ba ta yi ba?

'Yan'uwa masu karatu, mudun da gwamnati ta saba auna kanta da shi sananne ne. Za a ce an ware Naira miliyan kaza, an saki kaza, an ba da kwangila kaza, sa'an nan babban baƙo ya zo ya yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Daga ranar aikin ya shiga littafin nasara, ba kuwa zai sake fita ba. Waɗanda suka yi wayo a zamanin Janar Babangida za su tuna da DFRRI, hukumar da aka kafa a 1986 domin hanyoyi da ruwa da wutar ƙauyuka. Rahotanninta cike suke da kilomitocin hanya da yawan rijiyoyin burtsatse. Abin da ba a lissafa ba shi ne hanya nawa ce ta tsira daga damina biyu. Ko a unguwarmu akwai wata rijiyar burtsatse da allonta yake tsaye har yau da sunan aiki da shekara, amma famfon ya daɗe da bushewa, 'yan garuwa ne suke shayar da layin. A takarda, mutanen layin nan suna da ruwa.

Wanda yake so ya ga inda wannan irin lissafi yake kaiwa, sai ya dubi Hukumar Raya Yankin Neja-Delta, wadda aka kafa a shekarar 2000. Binciken ƙwaƙƙwafi da aka miƙa wa Gwamnatin Tarayya a watan Satumba na 2021 ya nuna kusan Naira tiriliyan 6 sun shiga hannun hukumar tsakanin 2001 da 2019, ga ayyuka 13,777 da aka watsar ko aka yi musu aikin ha'inci, ga asusun banki 362. Shekara ashirin kenan kafin a tsaya a ƙirga. Hukumarmu ta Arewa maso Yamma a kan wannan siffa aka ƙera ta.

Amma ba sai mun je Fatakwal ba. Mu ƙetare kogi zuwa Kakuri. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta buɗe masaƙar Kaduna, wato KTL, da niyyar audugar Arewa ta zama tufa a Arewa. Wasu masaƙun suka biyo baya, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa ta ƙasar nan. A wancan lokaci ba a bukatar wani rahoto kafin a san aikin yana tafiya. Jiniya tana kaɗawa, dubban ma'aikata suna canjin aiki a kan kekuna, ƙarshen wata kuwa mai shago da mai gidan haya da mai sayar da tuwo duk sun san an yi albashi, har a Tudun Wada da Unguwar Mu'azu da nan wurinmu. KTL ta rufe a 2002, ta bar ma'aikata suna bin haƙƙinsu shekara da shekaru, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. UNTL ta rufe a 2007.

Gwamnatin Tarayya ta amsa da asusun rance na Naira miliyan dubu 100 domin farfaɗo da auduga da masaƙu, ta hannun Bankin Masana'antu, har aka yi bikin sake buɗe UNTL a ƙarshen 2010. In da yawan rancen da aka raba za a auna, asusun ya yi aikinsa. In kuwa da yawan mutanen da suke karɓar albashi a Kakuri za a auna, kowa ya san unguwar ba ta koma yadda take ba. Dalili a fili yake: rance ya sayi sabon inji, amma bai kawo wutar lantarki ba, bai rage tsadar baƙin mai ba, bai kuma tare atamfar fasa-ƙwauri da take shigowa ta kan iyaka ba. Da tun farko an rubuta cewa nasarar asusun ita ce ma'aikata kaza a bakin aiki bayan shekara biyar, da masu shirin sun ga tilas su fara da maganar wuta.

Abin mamaki shi ne, ƙasar nan ta taɓa sanin yadda ake yin awon kirki, a Kaduna ma aka yi shi. Sa'ad da aka soma ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da rancen Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, an kafa wani sashe na tarayya mai suna APMEPU a garin nan, aikinsa kawai bin diddigi. Malamansa suna shiga ƙauyuka, su zaɓi gidaje, su auna gona, su auna abin da aka girbe, shekara bayan shekara. Ta irin wannan aiki da binciken malaman Jami'ar Ahmadu Bello aka san cewa masara ta yaɗu ƙwarai a ƙasar Funtuwa, aka kuma san cewa manyan manoma sun fi ƙanana cin moriyar taki da rance, kuma yawancin ƙaruwar a kan takin rangwame ta jingina. Labarin ba duka mai daɗi ba ne, amma an san shi. A Bakolori kuwa, inda aka lissafa kadadar da za a shayar aka raina manoman da ruwa ya cinye gonakinsu, sai da 'yan sanda suka harbe mutane a watan Afrilu na 1980 kafin ƙasa ta ji kukansu. Wanda aiki ya cuta, shi ma yana cikin lissafi.

Sabuwar hukumar ba ta da hujjar cewa ba ta san inda ta taras da mu ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoto a 2022 cewa mutum miliyan 133 suna cikin talauci ta fuskar ilimi da lafiya da ruwa da aikin yi, fiye da miliyan 45 daga cikinsu a Arewa maso Yamma, Sakkwato kuma ita ce kan gaba da wajen kashi 91 cikin 100. Wannan mafari ne. Ko da yake haka ne, mu yi adalci: babban adadi irin wannan yana hawa yana sauka saboda 'yan bindiga, da faɗuwar Naira, da janye tallafin man fetur na 2023, abubuwan da ba su hannun hukumar. In talauci ya ragu za ta ce ita ce, in ya ƙaru za ta ce ba ita ba ce. Saboda haka awon da zai kama ta shi ne na aiki ɗaya ɗaya. In hanya ce, nawa ake biya a kai buhun masara kasuwa kafin a yi ta, nawa ake biya bayan shekara uku, nawa kuma ake biya a ƙauyen maƙwabta da ba a yi wa hanya ba? In koyar da sana'a ne, kada a gaya mana yawan waɗanda suka karɓi takardar shaida da keken ɗinki. A koma bayan shekara biyu a ƙirga waɗanda keken yake hannunsu har yanzu.

Mai awon kuma kada ya zama hukumar da kanta, gama ba a ba ɗalibi jarrabawarsa ya duba. Akwai Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, akwai jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato. A zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i Jihar Kaduna ta gwada wani shiri mai suna Eyes and Ears, inda talaka zai ɗauki hoton aikin gwamnati da wayarsa ya aika wa Hukumar Tsare-tsare da Kasafi. Dabarar tana da kyau, sai dai ta fi ƙarfi wajen nuna ko an gama gini, ba ko ginin yana amfani ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa hukumar tarayya ya nemi jerin kwangiloli da kuɗinsu, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ƙungiyar unguwa irin tamu ta Kinkinau tana iya rubuta wannan wasiƙa, ta ajiye kwafi mai hatimin karɓa, ta kuma sake rubuta wata baɗi war haka.