Ƙanƙarar da ke cin wuta tana ƙasan teku, ƙorafinmu yana Agadem

Matasa a Damagaram da ƴan uwansu da ke ci-rani suna ta tura wa juna bidiyon wata farar ƙanƙara da ake kunna wa ashana ta kama da wuta. Abin gaskiya ne. Iskar methane ce da sanyi da nauyin ruwa suka kulle cikin ƙanƙara a ƙasan teku, kuma idan ta narke, iskar da ke fita takan ninka girmanta kusan sau 160. Japan ta fara tatso ta a 2013, Sin ta biyo baya a 2017.

Ba ta yi mana nisa ba. Lakar da kogin Neja ke kwasowa ta Yamai da Gaya tana zuba a Tekun Gini, kuma a can, gaba da gaɓar Najeriya, masu bincike sun gano wannan ƙanƙara tare da ramukan da iskar ke ɓulɓulowa.

Tsoron da ake yaɗawa shi ne wai za ta fashe rana ɗaya ta gasa duniya. Ni ban yarda a ɓata barci kan wannan ba. Yawancin iskar da ke fita daga zurfin teku tana narkewa cikin ruwa, ƙwayoyin halitta suna cinye ta kafin ta kai sama. Wadda ke ɗumama duniya yanzu, fiye da rabinta daga hannun ɗan Adam take: rijiyoyin mai, bututu masu yoyo, dabbobi, juji. Cikin shekara 20, ƙarfinta wajen riƙe zafi ya ninka na hayaƙin carbon sama da sau 80.

Nan ne maganar ta shafe mu. Tun 2011 matatar SORAZ, arewa da Damagaram, take tace ɗanyen man Agadem. An gina ta don ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na Sin yana da kashi 60, Nijar 40. Tun 2024 kuma ga bututun da ya nufi Benin. Duk inda ake haƙar mai, gas yana biyo shi, ko a yi amfani da shi, ko a ƙone, ko ya sulale.

Manomin gero a Mirriah da Tanout shi ke fara ɗanɗana zafin. Don haka ma'aikatar man fetur ta riƙa wallafa, kowace shekara, yawan gas ɗin da aka ƙone da wanda ya sulale daga Agadem zuwa matata. Yanzu tauraron ɗan Adam yana hango babban yoyo daga sama, kuma kashi 40 ɗinmu ya isa mu nemi a buɗe mana lissafin.