Wasiƙa zuwa ga masu fito na tafkin Kainji

Sarakunan ruwa, iyayena da yayyena masu fito, tun daga Yawuri da Wara har Malale da Shagunu. Allah ya ƙara wa sana'a albarka.

Na san abin da ake faɗi a kwata duk ranar da ma'aikaci ya iso da takardar doka: kakanninmu a ruwan nan suka tsufa, wa zai koya mana tuƙi? Ranku ya daɗe, kakanni Kwara suka sani, kogi mai gudu da duwatsu da gungu, wanda ya ci Mungo Park a Bussa a 1806. Tafkin da kuke bi yau sai a 1968 aka same shi, da aka gama madatsar Kainji ruwa ya haɗiye tsohuwar Bussa da ƙauyuka da gonaki, aka tayar da mutum fiye da 40,000. Dajin da ruwan ya rufe ba duka aka sare ba, kututturansa suna nan tsaye a ƙasa. Tafkin yana cika da farin ruwa a ƙarshen damina, baƙin ruwa ya biyo daga tsaunukan Gini cikin hunturu, daga nan sai ya yi ta ja da baya har wata daminar. Hanyar da jirgi ya wuce sumul a Janairu, a Yuni kututture ne taku ɗaya ƙarƙashin katako. Da rana gwani yana ganin alama. Da dare kuwa gwani da ɗan koyo duk makafi ne.

Shi ya sa nake ganin dokar hukumar NIWA mai hedikwata a Lakwaja, wadda ta hana tafiya daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, ba cin mutuncin gwanintarku ba ce. Haka ta rigar kariya, haka ta ƙayyade lodi. Amma Lakwaja da nisa, jami'anta ba za su tsaya a kowace kwata ba. Wanda yake tsaye a wurin idan kasuwa ta watse, mata da goyo suna roƙon a taimaka a ɗauke su, kai ne.

A nan maganar take da nauyi. A watan Mayun 2021 jirgi ya taso daga Lokon Minna zuwa Wara da mutum fiye da 150, ga babura, ga kaya, ya dare a tsakiyar ruwa. Kaɗan aka tsamo da rai. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi suna dawowa daga biki cikin dare. Ajali gaskiya ne, babu musu. Sai dai tun daga gaɓa, a lokacin da ake karɓar kuɗin fito, aka yanke shawarar da ta kai su gare shi. Man fetur ya yi tsada, na sani, sahu biyu asara ne ga mai jirgi. To, ku zauna da sarkin ruwa ku ƙara kuɗin fito a fili, kowa ya sani, ku shafa fenti a jikin kowane jirgi daidai iyakar lodinsa. In ruwa ya taɓa layin, ko surukin sarki ne ya jira sahu na gaba. Matuƙi shi kaɗai kunya za ta hana shi cewa a'a, amma in hukuncin ƙungiya ne, ya sami abin jingina. Rigunan kariya da hukumar HYPPADEC ke rabawa kuma a jikin fasinja suke aiki, ba a ƙulle cikin buhu ana jiran ranar da manya za su zo ba.

Sai batun gandun dajin ƙasa. Tun da aka haɗa dajin Borgu da na Zugurma aka yi gandu ɗaya mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 5,000, akwai sashen tafkin da aka taƙaita kamun kifi a cikinsa, kogin Oli kuma a tsakiyar gandun yake, ba a shigarsa sai da izinin hukuma. Masunta na ƙorafi, ina kuma jin zafinsu. Amma ruwan da ba a jefa taru a ciki, nan kifi ke ƙwai, 'ya'yan su fito su cika birgin kowa. Dala mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'yan jarirai, da guba, ku kun fi kowa sanin abin da suka yi wa kamu.

In baƙi suka yi hayar jirginku don kallon namun daji, ku ɗauki ma'aikacin gandu, ku rage wutar inji kusa da gaɓa. Dorina mai ɗa ba ta gargaɗi sau biyu, kuma kada ku shiga tsakaninta da zurfi don baƙo yana son hoto. Ayu da ya faɗa taru a sake shi. Baƙin mai in an juye daga inji, a zuba a galan a fito da shi tudu.

Akwai magana ta ƙarshe da aka fi yi da raɗa. 'Yan bindiga sun sami mafaka a sassan dajin nan a 'yan shekarun nan. Mutumin da ba ku sani ba, da ya ninka kuɗin fito don a tsallakar da shi da jarkokin mai ko buhunan abinci zuwa gaɓar da babu gari, kada ku yi jayayya da shi, kada kuma ku ɓoye. Ku kai maganar ga sarkin ruwa ko mai gari tun kafin ya dawo karo na biyu.