Yawon Keke a Karkarar Sifen: Ki Kula da Rana

Uwargida, in Allah ya kai ki Sifen da yara, kada ziyarar ta ƙare a Madrid. Tun 1993 suke mayar da tsoffin layukan dogo hanyoyin keke, suna kiransu Vías Verdes. Mota ba ta bi, hawan kuma ba wuya, tunda jirgin ƙasa ba ya son tudu.

Ga mai iyali, na fi son ta Sierra da ke Andalus: kilomita 36 daga Puerto Serrano zuwa Olvera, ana ratsa ramuka 30 da aka huda cikin duwatsu. Abin mamaki, jirgi bai taɓa bin layin ba! A Zaframagón yara za su ga ungulaye birjik.

Sai dai ki guji Yuli da Agusta, zafi kan haura digiri 40. Afrilu ko Oktoba sun fi. Yaro in wasa ya yi daɗi ba ya tuna ƙishirwa, ki riƙa ba shi ruwa tun bai nema ba. Da kin ga jiri, ciwon kai ko fitsari ya yi duhu, a shiga inuwa nan take. Hular kwano kuwa doka ce ga duk ɗan ƙasa da shekara 16.