A Bar Na'ura Ta Bi Waƙa

Tun farko in faɗa, ba ni da rigima da kwamfuta. Rigimata da lalaci ce.

Kwanakin baya na raka wani ƙanena wani situdiyo a unguwarmu Poumpoumré, nan Garwa, zai ɗauki waƙar bikin yayarsa. Yaron ya zo da amshi mai daɗi da baiti huɗu, na ukun ya fi sauran tsawo don a nan ya jero dangin ango. Mai kiɗa bai ko saurare shi ba. Ya buɗe manhaja, ya zuba kod huɗun nan da kowa ya haddace, C, G, Am, F, ya ce: "Malam, rage baitin nan, ya wuce gida takwas." Haka aka yanke sunan kakar ango don akwatin allo ya cika daidai. Wannan ai yanka ƙafa ne don ta shiga takalmi.

Ku duba asalin kayan. Band-in-a-Box, ta kamfanin PG Music na Kanada, ta fito tun 1990. Kana rubuta kod, wato sautukan da ake dannawa tare, a kowane gida, ka zaɓi salo, ita kuma ta haɗa maka ganga da jita da fiyano. In ka buɗe sabon shafi, gida 32 za ta shimfiɗa maka, a maimaita sau uku. Wannan tsarin waƙoƙin jaz na Amurka ne, ba wahayi ba. Ana iya sauya shi: a ƙara gida, a rage, a nuna inda amshi zai faɗo. FL Studio ma haka. Hannu ne ya ƙi motsi, ba manhaja ba.

Waƙarmu da nata ginin. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan ja baiti yadda magana ta kai shi, 'yan amshi da makaɗan kalangu suna jiransa. Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya cika duniya. Hausa harshe ne mai karin sauti; in ka tilasta wa murya ta hau inda kalma ke sauka don ta dace da kod, ka karya maganar, mai sauraro ya ji baƙon abu a bakin ɗan gida.

Za a ce da ni matasa kiɗan fiyano suke so, kuma ɗaukar makaɗa biyar ya fi ƙarfin aljihun mawaƙin unguwa. Gaskiya ne, ban ce a jefa kwamfuta a Binuwai ba. Cewa na yi a sauya jeri. A fara ɗaukar murya zalla. A ƙirga gidajen da kowane baiti ya ci, ko tara ne ko sha ɗaya, a shigar da su haka. Sannan a nemo kod. Yawancin karin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke tafiya, sau da yawa kod biyu sun wadatar.

Ku masu situdiyo na Garwa, abincinku ne a ciki. Ranar da waƙoƙinku suka zama iri ɗaya, mawaƙi zai gane wayarsa ma za ta iya, ya daina zuwa. Ƙanena dai ya rera baitin nan cikakke da bakinsa ranar biki, kuma a nan ne kakar ango ta tashi ta yi masa liƙi.